Amsoshin Tambayoyinku: Tsofaffin Sinawa a Amurka

Mai sauraronmu daga Zinder, ka tambayi dalilin da ya sa tsofaffin Sinawa mazauna Amurka ba sa kai ƙara idan 'ya'yansu sun ci zarafinsu. To malam, kunya ce. A al'adarsu, tona asirin ɗa zubar da mutuncin gida ne.

Ban da kunya kuma, ga tsohuwa ba ta jin Turanci, ɗan da ke cinye mata kuɗi kuma shi ne tafintanta gaban likita. Wa za ta faɗa wa? Shi ya sa ƙungiyar Self-Help for the Elderly, da aka kafa a San Francisco a 1966, take ɗaukar ma'aikata masu jin harshen Kantonis na Sinawa. Ni dai a ganina, ɗan ya fita daga ɗakin likita tukuna, sannan a tambayi tsohuwar.