Ilmi Mai Zurfi da Yarjejeniyar Ciniki ta Duniya

Wanda ya bi Hanyar Bida a cikin Kaduna zai ga ofishin Hukumar Ilmin Fasaha ta Ƙasa, watau NBTE, wadda aka kafa a 1977. Aikinta shi ne ta duba makarantu irin Kwalejin Fasaha ta Kaduna da ke Tudun Wada, ta ga ko malamai sun isa, ko akwai kayan aiki, sa'an nan ta yarda da kwasa-kwasansu. Jami'o'i kuwa Hukumar NUC ce ke duba su daga Abuja. Wannan darasi a kan ikon nan na dubawa yake, da abin da zai iya rage shi.

A 1994 ƙasashe suka taru a Marrakesh ta Maroko, suka sa hannu a kan kafa Ƙungiyar Ciniki ta Duniya. Ta fara aiki ran 1 ga Janairu 1995, Nijeriya tana ciki tun daga ranar. Cikin yarjejeniyoyinta akwai wadda ake kira GATS, wadda ta shafi cinikin ayyuka, watau abin da ake saye ba a ɗauka a ka, kamar aikin banki da sufuri. An kasa ayyukan kashi 12, ilmi yana ɗaya daga ciki.

To, yaya ake cinikin ilmi? Hanya huɗu ce. Ɗalibi ya zauna a Unguwar Rimi ya yi karatu ta intanet da wata jami'a ta Ingila. Ko ya tafi can da kansa. Ko jami'ar ta zo ta buɗe reshe a nan. Ko malaminta ya zo ya koyar na ɗan lokaci. Ba wanda ke cewa a hana waɗannan, domin masu neman shiga jami'a sun fi guraben da ke akwai yawa nesa ba kusa ba.

Inda gardama take shi ne ɗaure alkawari. Kowace ƙasa ita ke zaɓen kashin da za ta rubuta cikin jerin alkawuranta. In ta rubuta ilmi mai zurfi ba tare da sharaɗi ba, lalle ne ta riƙi makarantar baƙo kamar ta gida, kuma ba ta da ikon ƙayyade yawan baƙin. Har ana iya tambaya, taimakon da asusun TETFund ke bai wa Jami'ar Jihar Kaduna, wadda aka kafa a 2004, me ya sa ba za a bai wa baƙo ba? Janye alkawarin kuma sai bayan shekara 3, tare da shirin biyan diyya ga ƙasashen da abin ya taɓa.

Masu goyon baya suna cewa ai yarjejeniyar ta keɓe ayyukan Gwamnati. Gaskiya ne, amma keɓewar ta tsaya ga aikin da ba na kasuwanci ba, wanda kuma ba ya gasa da kowa. Tun 1999 akwai jami'o'i masu zaman kansu a Nijeriya, ga kuɗin makaranta ana biya. Saboda haka wannan katanga ba ta da tsawo.

Don haka ne a Afrilun 2004 Ƙungiyar Jami'o'in Afirka ta yi taro a Akara, ta roƙi gwamnatoci su yi hattara kafin su ƙara wani alkawari game da ilmi. A ganinmu shawarar tana nan da ƙarfinta. A Janairun 2024, da wani ɗan jarida ya nuna ya sami digiri a Kwatano cikin mako 6, nan da nan Gwamnatin Tarayya ta dakatar da tantance takardun Binin da Togo, ba ta jira izinin kowa ba. Ko yarjejeniyar ciniki ta Afirka, wadda Nijeriya ta sa wa hannu a Yamai a 2019, da ayyuka 5 aka fara ta, ba a sa ilmi a cikinsu ba.