Darasin Fassara: Me Za Mu Kira Guotie da Hausa?

A wannan darasi zan duba matsalar da mu ɗaliban fassara kan fuskanta idan muka ci karo da sunan baƙon abinci. Misalina shi ne guotie, wani abinci mai araha da ake sayarwa a ƙananan shaguna a ƙasar Sin, a ƙunshe wa mutum ya tafi da shi.

Ana murza kwaɓin fulawa, a zuba niƙaƙƙen nama da kabeji, a naɗe. Sai a soya ƙasansa da ɗan mai, a zuba ruwa, a rufe kaskon, tururi ya ƙarasa dafa shi. Ma'anar sunan a Sinanci ita ce "manne wa kasko".

Wani zai ce ɗanwake ne. Ban yarda ba, domin ɗanwake ba a cusa masa komai. Sambusa ta fi kusa, amma ita ba a turara ta.

Shawarata ita ce mu ari kalmar, mu biyo ta da bayani. Lallai bayanin ya ambaci naman, domin sau da yawa na alade ne. Fassarar da ta ɓoye wannan ta cuci Musulmin da ya dogara da ita.