Amsoshin Tambayoyinku: Tafki a Kan Duwatsun Hoggar

Tambayarmu ta yau daga Malam Habu take, ɗan Maradi mazaunin Tamanrasset a Aljeriya. Yana cewa: "Shin gaskiya ne akwai tafki da tsofaffin itatuwa a kan duwatsun nan, har mutum ya wuni yana zagayawa a ƙafa?"

To Malam Habu, mun gode. Ruwa akwai, amma kada ka sa ran babban tafki. A duwatsun Hoggar, kan hanyar tudun Assekrem, akwai Afilal. Afilal jerin kududdufai ne cikin kwazazzabon dutse, ba sa ƙafewa ko da rani, har da ƙananan kifaye a ciki. Kifi a tsakiyar Sahara! Gefensu ciyawa ce shar, da sawun raƙuman Buzaye a cikin laka.

Daji kuwa babu, sai ɗaiɗaikun itatuwan zaitun na jeji maƙale a tsagin duwatsu. Tsofaffin itatuwan nan da ake ba da labari, waɗanda wasunsu suka haura shekara 2,000, suna can Tassili, kusa da Djanet, tafiya mai nisa.

Assekrem kusan kilomita 80 yake daga Tamanrasset, hanyar kuma sai mota mai ƙarfi. Can sama akwai ɗakin dutse da wani Bafaranshe mai suna Charles de Foucauld ya gina a 1911.

In za ka je, Malam, ka nemi ɗan jagora Buzu, ka yi sammako, ka riƙe ruwa isasshe da rigar sanyi, domin da hunturu ruwa kan daskare da dare. In ka ga hadari ya haɗu, ka fice daga kwazazzabon, ambaliya kan zo ba sallama.