Darasi na Tara: Tafiya da Hankali

Matashi yana iya tafiya yana hira, yana cin gyaɗa, kuma ba ya tuntuɓe. Ba ya tunanin inda zai ajiye ƙafarsa, domin jikinsa ya saba. Ga tsoho kuwa abin ya bambanta. Idan shekaru suka ja, gani yakan ragu, ƙarfin ƙafa ma haka. Saboda haka tafiya takan ci hankalinsa fiye da da.

A shekarar 1997 wasu masu bincike a ƙasar Suwidin suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi wa tsofaffi 58. Suna cikin tafiya tare, sai su soma yi musu hira. Mutum 12 suka tsaya cak kafin su amsa. Cikin wata shida, 10 daga cikin waɗannan suka faɗi. Hankalinsu bai iya ɗaukar tafiya da magana lokaci guda ba.

Abin mamaki, yawan kula da ƙafa ma yana da illa. Tsohon da ke tsoron faɗuwa yakan zuba wa ƙafarsa ido, jikinsa ya ƙage, har ya kasa hango ramin da ke gabansa. Gara ya dubi inda ya nufa.

Tambayoyi

1. Me ya sa matashi ba ya tunanin ƙafarsa?
2. Tsofaffi nawa suka tsaya cak?
3. Kana raka kakarka za ku hau matakala. Yaushe ya kamata ka yi mata magana?
4. Yi jimla da kalmar “tuntuɓe”.