Rage gudun mota cikin gari, kāriya ce ga ƴaƴanmu

Babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 ta bi ta Yamai, Dosso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni, Maraɗi da Tasawa, har ta wuce Damagaram. Ta ratsa tsakiyar garuruwa da ƙauyuka masu yawa. A bakinta ake cin kasuwa, nan kuma yara ke wasa.

Amfanin wasa

Langa, gaɗa, kokawa da ƙwallo suna ƙarfafa ƙashi da zuciyar yaro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro mai shekara 5 zuwa 17 yana bukatar motsa jiki na awa ɗaya kowace rana. Hukumar ta kuma ce haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa masu shekara 5 zuwa 29. Don haka take ba da shawara kada gudu ya wuce kilomita 30 a awa inda mutane da motoci ke cakuɗuwa.

Me jama'a ke cewa?

Iyaye mata suna son a rage gudu, domin tsoro ya sa wasu suna tsare yara cikin gida. Direbobi da masu kabu-kabu kuwa suna kukan ɓata lokaci.

Mu yi lissafi. Ƙauyen da tsawonsa kilomita ɗaya ne, mai gudun 50 zai ratsa shi cikin sakan 72, mai gudun 30 cikin sakan 120. Bambancin bai kai minti ɗaya ba.

In yaro ya faɗo kan hanya, direba yakan ɗauki wajen sakan ɗaya kafin ya taka birki. Mai gudun 30 zai tsaya cak bayan kamar mita 14. Mai gudun 50 kuwa, a mita 14 ɗin nan yanzu ƙafarsa ke kai wa birki.

Abin da za mu yi

1. Mai gari da iyaye su ware wa yara filin wasa nesa da kwalta.
2. A nemi hukuma ta kafa allunan rage gudu kusa da lakwal da kasuwa.
3. Kada mu tare hanya da itace ko duwatsu da kanmu. Da dare suna kayar da masu babur.
4. Ƙaramin yaro kada ya ƙetare hanya sai babba na riƙe da hannunsa.

Ƴan'uwa, ku tattauna wannan darasi cikin aji: a garinku, ina ne yara za su yi wasa hankali kwance?