A Wane Zafi Aka Yi Awon?

Masu gidajen burodi, masu narka ƙarfe, da masu kula da tukunyar tururi a masana'antu, idan za ku sayi bargon tare zafi kada ku dogara da lamba ɗaya da aka buga a jikin kwali. Aikina a ɗakin gwaji shi ne auna yawan zafin da ke ratsa irin waɗannan kaya, kuma yana damuna yadda wannan lambar ke cinye wa mutane gas da dizal.

Audugar dutse takan nuna kusan 0.04 W/m·K, amma yawanci a digiri 10 ko 24 na Selshiyas aka auna ta. A digiri 300 lambar ta ninka. Bargon zaren seramik mai nauyin kilo 128 a kowace mita kubik yana wajen 0.06 a digiri 200, ya kai wajen 0.2 a digiri 800. A sanyi, iskar da ke maƙale tsakanin zaruruwa ita ke riƙe zafin. Da wuta ta yi ƙarfi, sai hucinta ya riƙa bi ta ƙofofin yana wucewa. Shi ya sa a tanderu bargo mai nauyi ya fi sakayau amfani.

Awon kansa sai da haƙuri. Mukan sa samfurin tsakanin faranti mai zafi da mai sanyi, a kewaye mai zafin da zoben da ke hana zafi zurarewa ta gefe, sannan a jira har ma'aunai su daina motsi. Yini guda kan tafi a haka. Bulon tanderu kuwa, wayar filatinam ake shimfiɗawa tsakanin bulo biyu, a sakar mata lantarki, a duba saurin hawan zafinta. Wani samfurin yakan fito ya tsuke, gefensa ya janye har yatsa ya shiga, kuma a jikin tanderu ta irin wannan giɓin zafi ke tserewa.

Ku ce wa dillali ya ba ku jadawalin awo a zafin da za ku yi aiki da shi, da ƙa'idar da aka bi: ISO 8302 ko ASTM C177 ga bargo, ISO 8894 ga bulo. Ku kuma duba inda ya ajiye kayan da damina, domin ruwa ya fi iska ɗaukar zafi sau ashirin da ɗoriya, kuma busasshen samfur aka auna aka sami lambar kwalin.