Mai Shaƙar Maganin Asma, Ka Kula da Bakinka

Masu fama da ciwon asma, wanda wasu ke kira fuka, sukan koma asibiti da wani kuka dabam bayan an ɗora su a kan maganin shaƙa. Ƙirji ya yi sauƙi, numfashi ya daidaita, amma baki ya rikice. Wani harshensa ne ya yi fari, wani muryarsa ce ta dishe, wani kuma bakin ya bushe har sai ya ajiye kofin ruwa kusa da shimfiɗarsa. Da yawa ba sa ma komawa asibitin. Sai su jefa inhela, wato na'urar shaƙar maganin, a cikin aljihun tebur, su ce ba ta karɓe su ba. Wannan takarda dominsu aka rubuta ta, da kuma iyayen yaran da ke shaƙar maganin.

Abin ba na mutum ɗaya ko biyu ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 262 ne ke da asma a duniya. A wannan shekarar kuma ciwon toshewar hanyoyin huhu mai daɗewa, irin wanda hayaƙin taba da hayaƙin itacen girki ke jawowa, ya kashe sama da mutum miliyan 3. Mu da muke shan ƙurar hunturu kowace shekara, matanmu kuma na wuni a bakin murhu, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Tun 1956 aka fara yin inhela irin wadda ake dannawa, kuma har yau ita ce babbar hanyar kai magani cikin huhu.

To, me ya haɗa maganin huhu da baki? Hanya ce ta haɗa su. In mutum ya danna inhela, feshin yana fitowa da gudu, hanyar iska kuwa tana da lanƙwasa a bayan harshe. Saboda haka mafi yawan maganin ba ya isa huhu. In ba a yi dabara ba, abin da ke maƙalewa a harshe da ganɗa da maƙogwaro yakan kai kashi 80 cikin 100. Ɗan abin da ya wuce shi ke yin aikin da ake so. Wanda ya tsaya a baki kuwa shi ke kawo matsalar da muke magana a kai.

Maganin shaƙa iri-iri ne, amma a riƙe manya guda biyu. Akwai mai buɗe ƙirji nan take, wato salbutamol, wanda aka fi sani da Ventolin, mai shuɗin gida. Akwai kuma na rigakafi, wanda ake shaƙa kullum safe da dare ko da ana jin lafiya, irin su beclometasone da budesonide da fluticasone. Wasu, kamar Seretide da Symbicort, an haɗa mai rigakafin da mai buɗe ƙirji na dogon lokaci a gida ɗaya. Na rigakafin nan aikinsa kwantar da kumburin hanyoyin huhu, kuma yana yin haka ne ta hanyar lallashin garkuwar jiki a inda ya sauka. In ya sauka a huhu, madalla. In ya kwana a baki, can ma haka zai yi.

A bakin mutane da yawa masu lafiya akwai wata ƙwaya dangin funfuna, ana ce mata Kandida, tana zaune ba ta cutar da kowa domin garkuwar jiki ta danne ta. Da zarar magani ya sassauta tsaron, sai ta yaɗu. Ɗauki madubi ka tsaya inda ke da haske, ka buɗe baki. Za ka ga fararen tabo a kan harshe, ko cikin kumatu, ko can saman ganɗa, kamar guda-gudan kindirmo. In ka goge da tsumma mai tsabta zai fita, ya bar wurin ja wur, wani lokaci har da ɗan jini. Abinci yakan rasa ɗanɗano, yaji ya riƙa yin zafi fiye da kima, gefen leɓe ya tsage. Masu ciwon sukari, da masu shan taba, da dattawa masu haƙoran roba, su ta fi kamawa.

Dishewar murya ita ma daga wannan magani take, domin yana sauka a kan jijiyoyin murya. Ga ladani ko malamin makaranta ba ƙaramin abu ba ne, amma yawanci takan washe in likita ya gyara adadin maganin ko ya sauya na'urar.

Abin da ya fi ɓarna, a ganina, shi ne wanda ba a gani da wuri, wato bushewar miyau. Mutane sun raina miyau. Jikin babba yana yin daga rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi a kowace rana, kuma ba a banza ba. Shi ke wanke ragowar abinci, shi ke kashe tsamin da ƙwayoyin baki ke fitarwa bayan an ci zaƙi, shi ke mayar wa haƙori sinadarin da ya zube. Farin ɓawon haƙori, duk da ya fi komai tauri a jiki, yana fara narkewa in tsamin baki ya kai kimanin 5.5 a ma'aunin masana. Salbutamol da danginsa suna rage miyau. Ipratropium da tiotropium, waɗanda aka fi ba dattawa masu toshewar huhu, sun fi su busar da baki. Ga shi kuma mai asma sau da yawa da baki yake numfashi, balle da dare cikin hunturu. Irin inhelar da ke da garin magani a ciki, yawancinsu an gauraya garin da sukarin madara. Ƙari a kan haka, mai buɗe ƙirji yakan sassauta bakin tumbi, ƙwannafi ya taso da tsami har baki. In waɗannan suka taru shekara da shekaru, sai kogon haƙori, da kumburin dasashi, da warin baki.

A nan kuma sai mu da kanmu mu ƙara wa abin. Baki ya bushe, sai a jefa alewa a riƙa tsotsa, ko a sayi lemon kwalba, ko a haɗa shayi da sukari cokali uku. Yaro in ya shaƙi magani ya ɓata fuska, uwa ta miƙa masa minti don ya yi shiru. An gudu gara an faɗa gidan zago ke nan. Ruwa zalla shi ne abin sha, a riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan. Wanda ya samu cingam marar sukari ya tauna, yana tsinko miyau.

Gyaran farko ba ya cin ko sisi. Duk sa'ad da ka shaƙi na rigakafi, ka kurkure baki da ruwa nan take, ka ɗaga kai ruwan ya kai maƙogwaro ya yi wasa a can, sa'an nan ka tofar. Kada ka haɗiye. Kurkurar alwala ba ta wadatar ba in ba a kai ruwan can ciki ba, amma mai salla yana da sauƙi: ya shaƙi maganinsa kafin alwalar asuba da ta lisha, ya kyautata kurkurar, shi ke nan ba zai manta ba. Wanda ya fi so ya haɗa da goge baki, sai ya ajiye inhelar kusa da burushinsa, ya shaƙa tukuna sannan ya goge. Kurkurar dare ita ce ba a wasa da ita, domin miyau yana ja baya in an yi barci.

Na biyu shi ne bututun da ake sa wa tsakanin inhela da baki, wanda malaman asibiti ke kira sifesa. Ana danna maganin a cikinsa, feshin ya rage gudu, manyan ɗigo su manne a jikin bututun, ƙananan su bi numfashi zuwa huhu. Baki ya huta, huhu kuma ya ƙaru. Ba kowane kemis ke da shi ba, kuma yana da tsada, amma likitocin yara a birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu sun buga bincike a 1999 da ya nuna cewa gorar roba mai cin rabin lita tana yin aikin. Ana fasa gindinta daidai girman bakin inhela, a cusa inhelar ta zauna daram ba inda iska ke fita, mutum ya kama bakin gorar da leɓɓansa. A girgiza inhela, a danna sau ɗaya, a ja numfashi a hankali sau huɗu ko biyar. In za a ƙara, a sake girgizawa, kada a danna biyu a tare. A wanke gorar da ruwan sabulu, a bar ta ta bushe da kanta ba tare da an goge ba, domin guga tana sa maganin ya riƙa mannewa a jikinta. A fara nuna wa malamin asibiti kafin a dogara da ita. Inhelar gari ba a sa mata bututu. Ƙaramin yaro mai shaƙa ta marufin fuska, a goge masa fuskar da jiƙaƙƙen tsumma, a ba shi ruwa ya sha in bai iya kurkura ba tukuna.

Haƙora kuma a goge su sau biyu a rana da man goge baki mai fuloraid. A tofar da kumfar, kada a bi ta da ruwa, domin sinadarin ya daɗe a kan haƙori. Asuwaki yana da kyau, a ci gaba da shi, sai dai bai ɗauke wa mai asma man ba. Mai haƙoran roba ya cire su da dare ya wanke.

In farin tabon ya riga ya fito, kada a kankare shi, kada a shafa kanwa ko toka, kuma kada a daina shaƙar magani. Wanda ya ajiye na rigakafi ya koma dogaro da mai shuɗin gida kaɗai, kumburin huhunsa zai dawo a ɓoye, ranar da ya tashi kuwa yana iya zuwa da ajali. Asma ta kashe mutum kimanin 455,000 a 2019. Farin tabo kuwa yana jin magani, irin su nystatin da miconazole, cikin mako ɗaya ko biyu. A je asibiti da inhelar a hannu, a shaƙa a gaban likita ya ga yadda ake yi, domin sau da yawa a nan kuskuren yake. In an yi magani tabon ya yi ta dawowa duk da ana kurkura, sai a nemi a auna sukarin jini, a kuma yi gwajin cuta mai karya garkuwar jiki.